Gwajin Tirigiliseraid: Daga Allura Zuwa Lambar Da Ke Kan Takarda

Duk wanda ya miƙo mana takardar gwajin kitsen jini a ɗakin gwaji na asibiti, tun kafin ya zauna muke jefa masa tambaya ɗaya: "Malam, yaushe rabonka da abinci?" In dattijuwa ce mu ce, "Mama, kin sa wani abu a baki da safen nan, ko da shayi ne?" Wasu suna ganin mun cika bin diddigi. Dalilinmu shi ne, cikin abubuwa huɗu da ke fitowa a takardar, wato jimillar kolestirol da HDL (kolestirol mai kyau) da LDL (kolestirol mai toshe jijiya) da tirigiliseraid, na ƙarshen nan ya fi kowanne rawar kai. Abin da mutum ya ci jiya da dare yana taɓa shi, abin da ya sha yana taɓa shi, har zazzaɓin makon jiya yana barin sawu a kansa. Wanda bai san hanyar da lambar ta biyo ba zai karanta ta a karkace.

Tirigiliseraid shi ne ainihin kitse. Maiƙon da ke cikin abinci, da kitsen da jiki ke tarawa a ciki da cinyoyi, kusan duk shi ne. Ƙirarsa sanda ɗaya ce ta giliserol mai ɗauke da jelar maiƙo uku. Da yake mai ba ya haɗuwa da ruwa, jini ba ya iya ɗaukarsa tsirara, sai an ƙunshe shi cikin 'yan ƙwayoyi masu rigar furotin. Ƙwayoyin iri biyu ne. Hanji yana haɗa manya da ake kira kailomaikiron bayan an ci abinci, hanta kuma tana haɗa ƙanana da ake kira VLDL dare da rana, musamman in sukari da sitaci da barasa sun yi mata yawa ta rasa inda za ta kai su. A bangon ƙananan jijiyoyi akwai wani enzayim, wato sinadarin jiki mai warware abu, sunansa lifofurotin laifes, mai sauke wa ƙwayoyin nan kaya yana miƙa wa tsoka da ma'ajiyar kitse, kuma insulin ne ke zaburar da shi. A riƙe wannan, domin kusan duk lambar da ta yi sama, ko dai hanta ce ke lodi fiye da kima, ko mai sauke kayan ne ya yi sanyi.

Shiri yana farawa tun daren jiya. In likita ya ce a zo ba a ci ba, ana nufin awa 9 zuwa 12 ba tare da abinci ba. Wanda ya gama cin abincin dare ƙarfe 8, ya zo tsakanin ƙarfe 7 da 8 na safe, ya yi daidai. Ruwa zalla a sha, har ma mun fi so, domin jijiyar wanda ya sha ruwa ta fi saurin fitowa. Shayi mai madara ko sukari, lemon kwalba, ruwan 'ya'yan itace, duk sun karya sharaɗin. Barasa a bar ta aƙalla awa 24, ita kam ko kaɗan ce tana iya cilla lambar sama washegari. Kada kuma a yi motsa jiki mai tsanani ana gobe gwaji. Akwai wata dabara da muke yawan gani wadda ba ta amfanar kowa: mutum ya kwana uku yana cin ganye zalla don takarda ta yi kyau. Takardar za ta yi kyau, amma hoton wani jiki ne ba nasa ba. A ci abin da aka saba ci a makonni biyun da suka gabaci gwajin. Magungunan yau da kullum a ci gaba da sha, sai dai mai allurar insulin ko ƙwayar rage suga ya tambayi likitansa yadda zai yi da na safe, kada suga ya faɗi yana kan layi.

Ba kullum ne sai an zauna da yunwa ba. Bayan cin abinci na yau da kullum tirigiliseraid yana hawa, ya kai ƙololuwa wajen awa 3 zuwa 4, sannan ya sauko, kuma a yawancin mutane hawan bai wuce kusan 26 mg/dL ba, wato a ma'aunin da ake rubuta lambar da shi. Shi ya sa a 2016 ƙungiyoyin masana ciwon jijiyoyin jini da na dakunan gwaji na Turai suka amince a riƙa yin gwajin farko ko an ci abinci. Sai dai ma'aunin ya canza: ga wanda ya ci, iyakar lafiya 175 mg/dL ce maimakon 150. In kuma aka samu 400 ko fiye, ƙa'idar likitocin zuciya ta Amurka ta 2018 ta ce a sake shi da cikin da ba komai. Saboda haka in mutum ya ce mana ya ci, ba ma korarsa nan take. Muna rubuta lokacin cin abincinsa na ƙarshe a jikin takardar, domin likita ya san da wane ma'auni zai auna. Abin da ke ɓata aiki shi ne a ci a ce ba a ci ba.

Muna kuma tambayar ko an yi rashin lafiya kwanan nan. Zazzaɓi mai zafi, tiyata, bugun zuciya, duk suna hargitsa kitsen jini na makonni, tirigiliseraid ya hau, kolestirol ya sauka. In ba gaggawa, a jira wata biyu zuwa uku bayan babbar jinya.

Ɗibar jinin kanta ba ta kai minti biyu ba, amma tana da ladubba. Mutum ya zauna minti 5 tukuna, saboda tsayuwa tana sa ruwa ya fita daga jijiya, abin da ya rage ya yi kauri, lamba ta ɗan ƙaru. Robar da muke ɗaure dantse da ita ba ta wuce minti ɗaya, kan wannan dalilin dai. Mililita 3 zuwa 5 sun isa, a kwalba mai jan murfi ko ruwan ɗorawa. In majinyaci yana kwance ana ƙara masa ruwa, ba a ɗiba daga hannun da ruwan ke shiga, balle in ruwan abinci mai maiƙo ne ko farin maganin sa barci da ake kira furofofol, wanda a cikin mai aka narka shi. A rubuta suna a jikin kwalbar a gaban mai ita, kafin ya tashi.

Daga nan a ajiye kwalbar a tsaye minti 30 jini ya daskare, sannan a sa ta a na'urar juyawa, minti 10 a gudun kusan zagaye 3,000 cikin minti ɗaya. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jini ya taso sama. Nan ne wurin da ni dai ba na yarda a tsallake: a ɗaga kwalbar a fuskanci haske. Ruwan jinin mai lafiya garau yake, launin karan dawa busasshe, in ka sa rubutu a bayansa za ka karanta. In tirigiliseraid ya haura wajen 300 sai ya fara yin hazo, rubutun ya dushe. In ya kai 1,000 ko ya wuce, fari fat yake fitowa kamar madara, wani lokaci tun a cikin sirinji za ka ga jinin ya koɗe ya yi ruwan hoda. Ido ya riga na'ura sanin labari, kuma in lambar da na'ura ta bayar ta saɓa wa abin da ido ya gani, ba a sakin wannan sakamakon.

Akwai tsohon gwaji mai sauƙi da har yau yake aiki. A bar farin ruwan jinin ya kwana a firji a sanyin digiri 4 na ma'aunin Celsius. Da safe in aka tarar da farin kirim ya taru a sama, ƙasan kuma ya washe, kailomaikiron ne, wato kitsen abinci da ya kasa sauka. In ba kirim amma duk ruwan ya ci gaba da zama gurɓatacce, VLDL ne na hanta. In duka biyun ne, kirim a sama hazo a ƙasa, to layi ya cushe ta ko'ina. Wannan tasowar ta kirim ita ce kuma dalilin da ya sa dole a jujjuya samfurin da ya jima a ajiye kafin a ɗiba. Wanda ya tsoma daga sama zai samu lamba mai ban tsoro, wanda ya tsoma daga ƙasa ya samu ta ƙarya mai kwantar da hankali.

Yadda ake aunawa yana da wani sirri da ya kamata a sani. Na'urar ba ta ƙirga tirigiliseraid kai tsaye. Sinadarin gwajin yana ɗauke da enzayim da ke tsinke jelar maiƙon nan uku, giliserol ya rage, sai a bi da shi ta wasu matakai har ya haifar da launi ja-ja, a auna kaurin launin da haske. In da hannu ake yi, galibi maikurolita 10 na ruwan jini ake zubawa cikin mililita 1 na sinadari, a bar shi minti 5 a ɗumin digiri 37. To tunda giliserol ake aunawa, duk giliserol ɗin da ya shigo ta bayan gida za a lissafa shi a matsayin kitse. Man shafawa ko sabulu mai gilisarin a yatsa yana ɓata gwajin da ake yi da ɗigon jinin yatsa. Akwai ma wasu tsirarun mutane da aka haifa jininsu cike da giliserol saboda rashin wani enzayim, lambarsu ta yi ta fitowa sama, ruwan jininsu kuwa garau, magani kuma ba ya motsa ta. Ta ɗaya ɓangaren, bitamin C mai yawa, musamman na allura, yana kashe launin, lamba ta fito ƙasa da gaskiya. Kowane sinadari kuma yana da iyakar da yake iya aunawa, sau da yawa wajen 1,000. In samfuri ya wuce nan sai a sirka shi da ruwan gishiri na asibiti, kashi ɗaya cikin biyar ko cikin goma, a sake aunawa, a ninka amsar. Mantawa da ninkawar nan kuskure ne da ke mayar da 3,000 ya zama 300.

Yanzu takarda ta zo hannunka. Kafin ka kalli lambar, kalli haruffan da ke gefenta. Wasu dakunan gwaji suna rubutawa da mg/dL, wasu da mmol/L, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Mutum ya ga 2.4 ya ce ai ƙasa da 150 take nesa ba kusa ba, alhali 2.4 mmol/L daidai take da 213 mg/dL, ta shiga sahun masu yawa. Lissafin shi ne a ninka mmol/L da 88.6 a samu mg/dL, ko a raba mg/dL da 88.6 a koma mmol/L. Kada a ari 38.7 da ake amfani da shi wa kolestirol, kowanne da nasa.

Ga babban mutum da ya yi gwajin bai ci ba, rabon da aka fi bi shi ne wanda kwamitin masana kolestirol na Amurka ya fitar a 2001. Ƙasa da 150 mg/dL, wato 1.7 mmol/L, lafiya lau. Daga 150 zuwa 199 an taka bakin iyaka. Daga 200 zuwa 499, wato 2.3 zuwa 5.6 mmol/L, ya yi yawa. Daga 500 zuwa sama ya yi yawa ƙwarai, kuma a nan maganar take sauya salo gaba ɗaya. Yara ba a auna su da mudun manya: ɗan ƙasa da shekara 10 ana so ya kasance ƙasa da 75, in ya kai 100 ya yi yawa, ɗan shekara 10 zuwa 19 kuma ƙasa da 90 ake so, 130 ya yi yawa. Mai juna biyu a watanni ukun ƙarshe lambarta kan ninka sau biyu ko uku, wannan aikin ciki ne, yana saukowa bayan haihuwa. Lamba ƙarama kuwa, kamar 50 ko 60, ba abin damuwa ba ce in mutum lafiyarsa ƙalau.

Iyakar 150 ba katanga ba ce da za a ce mai 148 ya tsira mai 153 ya faɗa rami. A jikin mutum ɗaya, ba tare da ya canza komai ba, tirigiliseraid yana kaiwa da komowa da kusan kashi 20 cikin ɗari daga rana zuwa rana. Wanda tsakiyarsa 150 ce zai iya ganin 125 yau, ya ga 178 bayan mako biyu, dukkansu kuma gaskiya ne. Don haka in lamba ta faɗo tsakanin 150 da 499, ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. A sake bayan mako 2 zuwa 4, ba a ci ba, a dubi biyun tare.

Sai a dubi maƙwabtanta a takardar. Tirigiliseraid mai yawa ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba. Abokan tafiyarsa su ne HDL da ya yi ƙasa, ƙasa da 40 ga namiji ko 50 ga mace, da suga na safe da ya kai 100, da hawan jini daga 130 bisa 85, da teɓa. Uku daga cikin biyar ɗin nan, har da shi tirigiliseraid ɗin, in suka haɗu, alama ce jiki ya fara yi wa insulin kunnen ƙashi, kuma ciwon suga da ciwon zuciya suna kan hanya in ba a tare su ba. Sau da yawa tirigiliseraid ne ke fara kwarmata wannan, shekaru kafin suga ya fito fili.

Yana kuma shafar lambar LDL ta hanyar da mutane da yawa ba su sani ba. A dakunan gwaji masu yawa ba a auna LDL, lissafa shi ake yi da tsarin Friedewald na 1972: a ɗauki jimillar kolestirol, a cire HDL, a cire tirigiliseraid da aka raba gida 5. Misali jimilla 220, HDL 40, tirigiliseraid 250: 220 a cire 40 a cire 50, saura 130. In da mmol/L ake aiki, da 2.2 ake rabawa. Lissafin yana fara rage wa LDL nauyi tun tirigiliseraid na wajen 200, in ya wuce 400 kuwa ya rushe sam, shi ya sa za ka ga gurbin LDL ba komai ko an ja layi. Ba mantuwa aka yi ba. A irin wannan hali a cire HDL daga jimilla kawai, a misalinmu 180 ke nan. Wannan lamba ta tattara duk kolestirol mai toshe jijiya, kuma ba ruwanta da an ci ko ba a ci ba.

In an tabbatar lambar tana sama, aikin likita na gaba shi ne neman mai hura wutar, kafin a yi maganar ƙwaya. Na farko a jerin zargi ciwon suga ne da ba a riƙe shi da kyau ba, don haka za a nemi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na watannin baya. Sai barasa, sai ƙiba, sai yawan sukari da lemon kwalba da farin fulawa. Za a duba TSH, gwajin da ke nuna raunin ƙullin tayirod na wuya, a duba ƙoda da furotin a fitsari, a duba hanta. Sannan a zazzage jakar magunguna: ƙwayoyin istirojin na sha, tamoksifen, sitiroyid irin su furedinisolon, magungunan sa fitsari na tayazaid, wasu masu rage bugun zuciya, aisotiretinoyin na ƙurajen fuska, olanzafin da kulozafin, da wasu tsofaffin magungunan HIV. Kada wanda ya ga sunan maganinsa a nan ya daina sha da kansa. A kai wa likitan da ya rubuta, shi zai auna riba da hasara.

Daga 500 zuwa sama, abin tsoron ya tashi daga toshewar jijiya a hankali ya koma kumburin fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi mai samar da insulin da ruwan narka abinci. Haɗarin yana ƙaruwa sosai in an wuce 1,000 mg/dL, wato 11.3 mmol/L. Irin wannan sakamako ba ma ajiye shi a tire ya jira mai shi, waya muke ɗagawa mu kira likita a ranar. Wasu masu irin wannan lamba za ka ga 'yan ƙuraje rawaya masu jan gindi sun feso musu a gwiwar hannu da ɗuwawu da baya, kitse ne ya taru a fata. In ciwo mai tsanani ya kama saman ciki yana sokawa har baya, ga amai, to asibiti za a nufa a daren, ba a jiran gari ya waye. Muna kuma sanar da likita cewa farin jini irin wannan yana yaudarar wasu gwaje-gwajen: sodiyam na iya fitowa ƙasa alhali daidai yake, amiles kuma, wanda ake aunawa don gano kumburin fankiriyas, na iya fitowa daidai alhali fankiriyas na ci da wuta.

Abin da ke faranta mana rai da wannan lamba shi ne tana jin magana da wuri. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana saukar da ita da kusan kashi 20. Mai kilo 90 ke nan in ya zubar da kilo 5 zuwa 9. Tafiya da sauri minti 150 a mako, barin abin sha mai zaƙi, barin barasa, da saita suga, sukan yi abin da ƙwaya ba ta yi ba. A matakin 150 zuwa 499 sukari da sitacin da aka tace ne manyan masu laifi, sun fi mai. Amma wanda ya haura 1,000, shi mai ɗin ne za a yanke masa ƙwarai, ya koma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ƙarfin abincinsa, kowane irin mai ne, har sai layin kailomaikiron ya washe. A ɓangaren magani, sitatin, maganin rage kolestirol, yana rage kashi 10 zuwa 30 kuma shi ake fara bayarwa in zuciya ake karewa. Fenofaibiret yana rage kashi 30 zuwa 50, shi ake kamawa in fankiriyas ake tsoro. Man kifi na omega-3 sai an kai giram 2 zuwa 4 a rana yake aiki, adadin da ƙwaya ɗaya ta kanti ba ta kusa da shi. Jemfaibirozil kuwa, ɗan'uwan fenofaibiret, ba a haɗa shi da sitatin, haɗin yana iya lalata tsoka.

Bayan an fara magani ko an canza ci da sha, gwaji na gaba yana zuwa cikin mako 4 zuwa 12. A koma dakin gwajin da aka yi na farko in da hali, a zo da safe kamar wancan karon, da awannin yunwa iri ɗaya, a riƙo tsohuwar takarda. In ta farko 320 ce ta biyu ta fito 290, ba a ce an samu sauƙi ba tukuna, domin tana cikin kaiwa da komowar da ta saba. In ta fito 190, wannan sauka ce ta gaske, sai a rubuta kwanan wata da nauyin jiki da maganin da ake sha a gefenta, a ajiye don gwajin da zai biyo baya.